Yaran Aro a Ajina

Daminar farko bayan soja sun koma bariki na samu aikin koyarwa a wata firamaren gwamnati, can wajen Ƙofar 'Yandaka. Ba ni da takardar malanta, sakandare kawai na gama. Hedimasta ne ya ɗauke ni na wucin gadi, ya ba ni aji uku, ya ce idan na yi haƙuri zai kai sunana sama a tabbatar da ni. Zamana a makarantar nan a bakinsa yake, kuma na san da haka.

Yarana kashi biyu ne. Akwai 'yan cikin gari, 'ya'yan maɗinka da 'yan kasuwa, waɗannan suna nan rani da damina. Sai 'ya'yan mutanen ƙauye da suka shigo birni neman abinci, masu dako da 'yan kabu-kabu, kuma su ne suka fi yawa. Da ruwa ya zauna iyayensu suke kwashe su zuwa gona, ba ka sake ganinsu sai an yi girbi. Su dawo sun manta rabin abin da ka koya masu, ka sake ɗauko shi daga tushe. Shi ya sa sakamakonmu kullum yake ƙasa. A lokacin da nake ba da labari, ajina ya zama fayau, yaro ɗaya sai ya miƙe ƙafa a benci shi kaɗai.

Sai labari ya zo cewa sabbin shugabannin farar hula za su turo baƙi su duba makarantu, wadda aka samu cike da yara masu ƙoƙari a gina mata sabbin azuzuwa. Hedimasta ya riƙa shiga ofis da malamin aji huɗu suna turo ƙofa. In na zo wucewa sai su yi shiru. Na fara zargin ni ake shirin sallama.

Ranar da baƙin za su zo, na iso na tarar da ajina maƙil. Fuskokin da ban taɓa gani ba sun cika bencin baya. Rashin inifom ɗinsu bai zama abin lura ba, don nawa ma da yawa ba su da shi. Hedimasta ya ja ni gefe.

“Malama, ɗiyan unguwa ne, daga Islamiyyar bayan masallaci muka aro su. Naki masu ƙoƙari na sa su gaba. Ke dai ki tsaya wajen allo.”

“Ranka ya daɗe, in an tambaye ni fa?”

“Wa zai tambaye ki? Ki ce naki ne. Ko ba ki son aikin?”

Na ce ina so.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne takalma. Yaran boko da silifas ɗinsu suke faɗawa aji. Waɗannan kuwa, yadda suka saba a Islamiyya, kowa ya cire nasa ya jera a bakin ƙofa, reras, har layi biyu. Ban gani ba sai da motar baƙin ta tsaya.

Su uku ne, shugabarsu wata Hajiya mai gilashi, da jin maganarta ka san 'yar cikin gari ce. Aka yi gaisuwa mai tsawo a tsakar makaranta, ya aiki, ya damina, ya yara. Da ta zo ƙofar ajina ta tsaya, ta dubi takalman, ta dubi ƙafafun na bencin gaba. Sai ta cire nata ita ma ta ajiye a ƙarshen layin.

“Ashe masallaci muka zo, hedimasta,” in ji ta.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. “Tarbiyya ce, Hajiya.”

Ba ta tsaya wajen na gaba ba. Ta ratsa har baya, ta miƙa wa wata yarinya littafin karatun Hausa. Yarinyar ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi bisimilla, ta buɗe shi ta bangon baya, ta dama, yadda ake buɗe izu. Ta zuba wa rubutun bokon ido.

Hajiya ta juyo gare ni. “Ɗiyata, mi ne sunan wagga?”

Hedimasta yana bakin ƙofa. Na buɗe baki, duk sunayen duniya suka gudu daga kaina. Ban ce tawa ce ba, ban ce ba tawa ba ce. Na dai tsaya.

“Ba komi,” in ji Hajiya, ta dafa kafaɗata ta fita.

Wannan dafawar ce ta ja mini. Kafin a tashi, magana ta zagaya cewa na san Hajiyar, wai ni na sa yaran su cire takalma don in tona asiri. Matar da ban taɓa gani ba. Malamin aji huɗu ya wuce ni ko sannu babu, shi da kullum yake tsokanata da “malama mai sakandare”.

Kashegari hedimasta ya ce in ɗan huta a gida, zai aiko. Bai ɗaga murya ba, har ya ce in gaida Baba.

Har yau ina jujjuya abin. Wanda ya jera yaran nan da safe, bai ga takalman ba? Me ya sa ajina kaɗai aka cika haka, alhali aji huɗu ma fayau yake? Ko tun farko an so a samu wanda za a ɗora wa ne in abin ya ɓaci? Ba ni da wanda zan tambaya. Ko sallama aka yi a zaure sai in ce ko ɗan aiken hedimasta ne.

Da aka yi girbi na kasa daurewa, na bi ta bayan makarantar kamar mai zuwa kasuwa. Yarana na ƙauye sun dawo, ina jin muryoyinsu ta taga suna bitar baƙaƙe daga farko. A gaban allo wata ce tsaye, ƙanwar matar malamin aji huɗu. Na ja mayafina na ƙara sauri, kada wani cikinsu ya hango ni ya kira ni malama.