Ya Tak, In Ji Koci

Shekarar da aka yi kusufin rana, har muka yi sallarsa a filin ajiye motoci, ita ce shekarata ta biyu a gidan kula da tsofaffi da ke wajen Sedgefield. Har yau ban manta da makon da aka ba ni wani tsoho da kowa ke kira Koci ba.

Mutumin Denmark ne, ya doshi casa'in. Da ƙuruciyarsa ya buga baya a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinsu har gwiwa ta hana shi, sai ya koma horarwa. Aikin ya kai shi arewacin Najeriya, inda ya yi wasu shekaru da ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, daga baya ya zo Amurka ya horar da 'yan kwaleji. Lokacin da na san shi, mantuwa ta cinye Turancinsa. Abin da ya rage masa harshen uwarsa ne da guntayen Hausar fili. Yini yake yana kai da kawo a baranda, yana daka wa 'yan wasan da babu su tsawa: "Maza! Koma baya! Buga mana!"

Babbar nas ɗinmu, Anti Rifkatu, 'yar Jos, ta kira ni ofis.

"Malam Hamidu, tsohon nan ba ya zama wa kowa, kuma hannunsa na rawa, ba ya iya riƙe cokali. Kai da ke da Hausar Damagaram, je ka gwada. In nauyinsa ya ci gaba da sauka, likita zai sa masa tiyon abinci, a mayar da shi sashen kwance. Ka san in aka kwantar da wannan, an gama da shi."

Ku sababbin ma'aikata ku riƙe wannan ƙa'ida: ba a tilasta wa tsoho abinci. In ya ce ya isa, ka ɗauke tire, ka gaya wa nas abin da ya ci.

Na je na ce, "Koci, hutun rabin lokaci. Zauna." Ya dube ni, ya zauna. Na yi bisimilla na ba shi cokali biyu. Na ce, "In ƙara?"

Ya ce, "Ya tak."

Na ji sarai: ɗaya tak, ya haɗiye farkon kalmar irin ta tsofaffi. Na ba shi ɗaya, na ɗauke tire. Ya bi tiren da ido, sannan ya miƙe ya koma sintiri.

Haka muka yi safe da rana da yamma. Na gwada dankali, na gwada miya, amsar ba ta canja ba. Wandonsa ya fara zamewa. Ni ma na rasa sukuni, a bas ina tunaninsa, a kan dadduma ina tunaninsa. Ranar Juma'a aka auna shi, Anti ta ce, "Litinin likita zai zo. Ko dai Hausar taka ce ba ta da gishiri?"

Ranar Lahadi 'yarsa ta zo daga Summerfield. Ina gyara gado, ta ɗaga butar kofi ta tambaye shi wani abu da harshensu. Ya ce, "Ya tak." Ta cika masa kofi fal. Ya shanye, ta sake tambaya, ya sake faɗa, ta sake zubawa.

Na ajiye zanen gadon. Na tambaye ta da Turanci me kalmar take nufi.

Ta ce, "I, don Allah, na gode. Baba bai taɓa karɓar abu bai faɗe ta ba."

Na ce innalillahi a raina. Mako guda mutum yana cewa a ƙara masa, cikin ladabi, ni kuma ina ɗauke kwano don girmama maganarsa.

Na gaya wa Anti. Ta dafa kai, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Ni ma ɗaya tak na ji ai! Maza kicin. Ni zan ji da likita, ya ba mu mako biyu."

Na ɗauko tire biyu. Na ce, "Koci, kana bi na bashi, yau zan biya." Na ba shi, na tambaya, ya ce ya tak, na ƙara. Muka yi ta yi har cokali ya fara kankare kwano na biyu. Da na sake tambaya, ya dafa cikinsa, ya ce da Hausa tsaf, "Ya isa, yaro."

Ashe duk makon yana da kalmar, bai ƙoshi ba ne balle ya faɗe ta. Ba a sa masa tiyo ba, da ƙafarsa ya ci gaba da yi wa 'yan wasansa faɗa har Allah Ya ɗauki ransa.

Shi ya sa nake ce muku, duk tsohon da aka ba ku, ku fara tambayar danginsa yadda yake cewa i da yadda yake cewa a'a, kafin ku ɗauki cokali.