Hadarin da Ya Tsare Bitrus a Gona

Wata Asabar cikin watan Satumba, shekarar da yayana Bitrus ya gama firamare, muka shanya acca a kan falalen dutsen da ke bayan gidanmu, a ƙauyenmu kusa da Kafanchan. Rana ta ƙwalle, ina ta fama da kaji da awaki da guntun kara, sai Bitrus ya dubi wajen dutsen Kagoro ya ce a kwashe shanya. Can nesa wani farin girgije ne ya yi tsiri, kansa ya baje kamar faifai. Mama ta ce yaron nan ya cika iyayi, amma Baba ya ce a kwashe. Buhun ƙarshe na shiga ɗaki, sai ruwa da ƙanƙara kamar da bakin ƙwarya. Accar maƙwabta kuwa sai a rafi.

Ba don gona Bitrus ya koyi kallon sama ba. Tuƙin jirgin sama yake so, har muna tsokanarsa da Kyaftin. Malaminsu ne ya taɓa gaya musu cewa tun daga nesa matuƙa ke karanta gajimare: wanda ya watsu kamar auduga ba ya komai, wanda ya yi gini ya baje kai kuwa kewaye shi ake yi, don iskar cikinsa ba ta wasa. Tun daga nan, ko kiwo muka je, ko langa ake a filin makaranta, idonsa na sama.

A gidanmu ɗa guda ake turawa sakandare, ɗayan ya riƙe fartanya, kuma kowa ya ɗauka Bitrus ne zai tafi. Ranar ruwan nan Baba ya sake shawara. "Mai ido irin wannan, gona ce ke bukatarsa." Ni aka tura da na gama firamare, ni da ko bakan gizo sai an nuna mini! Bitrus ya riƙe fartanya. Abin yana ci mini rai har gobe.

Bara na fara shiga jirgi. Matuƙin ya ce za mu kewaye hadari, na leƙa taga, sai ga girgijen Bitrus, da tsirinsa da faifansa. Ina sauka na buga wa Bitrus waya. "Daga sama yaya yake?" in ji shi. Na ce fari fat, ya ninka dutsen Kagoro. Ya ce, "Ashe." Sannan ya ce bari ya je, yana da shanya a waje.

Idon da zai kai shi sama, shi ya ɗaure shi a ƙasa.