Bido Ɗaya na Ruwan Lome

Shekara ashirin da wani abu na yi ina bin kamyon albasa, manyan motocin kaya, daga Galmi zuwa bakin teku. Na yi dako, na yi gadin kaya, na yi jinya a ɗakin da ba nawa ba. Ban yi lakwal ba, wato boko. Abin da na sani na Lome da ƙafa na san shi.

Ɗiyata ta fari tana auren ɗan wana. Shi kam ya yi lakwal har ya ƙoshi. Yana aiki a wani buro a Konni, ofishin masu fitar wa 'yan kasuwa kaya daga duwan, wato kwastan. Wata rana aka ce an mai da shi Lome, tashar jiragen ruwa, kuma zai tafi da matarsa da yara uku.

Gidansu gidan gudu ne. Kowace safiya shi da ita sai su ɗaura takalman roba su kama hanyar Bazaga a guje, ba wanda ya koro su. Masu amalanken jaki kan tsaya su tambaye su ko lafiya. Sipor suke ce masa. Babban yaronsu balo, wato ƙwallo, ta tsakiya keke, ƙaramin kuma duk abin da ya ga ana yi. Uban yana da agogo mai ƙirga masa taku. Ranar da bai cika ƙirgar ba sai ya yi ta zagaya tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure.

A gidanmu ba a tashi sai babba ya ce a tashi, ba a sauka sai inda ya sa albarka. Babban kuwa wana ne. Don haka yaron, ɗan wan nawa, ya zo ƙauye da wayarsa, ya same mu a inuwar rudu, bukkar da muke ajiye albasa. Ya ce dillali ya turo masa hotunan gidaje a unguwa uku, amma shi ɗaya ta kwanta masa. Tana gab da teku. Akwai rairayi na gudu, akwai fili na balo, akwai hanya shimfiɗaɗɗiya ta keke. Yara za su koyi iyo.

Wana bai taɓa wuce Tawa ba. Duk rayuwarsa ta tafi wajen neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Rijiya nawa ya haƙa, nawa suka ƙafe masa, shi ma ya daina lissafi. In ya je kasuwar Badaguishiri ya ga lambunan kwari, sai ya dawo ya yini ba ya magana. Gudun yaron bai dame shi ba, bai ma saurara ba. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya ga ciyawa kore shar a tsakiyar rani. Ya ga rijiya a tsakar gida.

Ya ce, "Wagga rijiya gaba nawa?"

Yaron ya ce, "Ko gaba ɗaya ba ta kai ba, Baba. Dillali ya ce da hannu ake ɗiba."

Wana ya sake duban hoton. Sannan ya ce, "An gama. Can za ku zamna."

Na ce, "Yaya, ciyawar ga ba shayar da ita ake ba. Ruwa na kwance ƙarƙashinta. Da damina ta zo zai taso ya shiga ɗaki."

Ya ce, "To mi? Ya shiga mana. Mu nan limami muke sa wa gaba mu tahi bayan gari roƙon ruwa, kai kana gudunai."

Yaron ya yi dariya. Wannan ne karo na farko da na ga shi da ubansa sun yarda da abu ɗaya. Ɗaya yana ganin filin gudu, ɗaya yana ganin lambu, wuri kuwa fadama ce.

Na gaya musu abin da ban saba faɗa ba. Na taɓa zama a irin wannan unguwar. Wata damina na dawo daga kasuwa na tarar da tabarmata tana yawo a ɗaki. Ruwan ya yi wata biyu bai janye ba, ya haɗu da na masai, ya yi baƙi. Sauro ya biyo shi. Na kwanta sati uku, na tashi. Yaron maƙwabcina, ɗan shekara huɗu, bai tashi ba. Ni na riƙe wa ubansa fartanya wajen haƙa kabari.

Suka ce Allah ya jiƙansa. Yaron ya ce wannan zamanin da ne, yanzu an yi magudanai. Wana ya ce kwana ne ya ƙare.

Ɗiyata tana bakin darni tana jin mu. 'Yar fari ce, ba ta kallona, ba na kiran sunanta. Sai ta fuskanci darnin, kamar da shi take magana, ta ce yara dai suna son rairayi. Na gane ita ma tekun take so. Ƙaramin nata shekararsa huɗu. Sai na ce zan raka yaron ya ga gidan kafin ya sa hannu a takarda. Ba su iya hana ni ba. Suruki ba ya hana surukinsa shiga mota.

Kwana uku muka yi a hanya. Duk inda mota ta tsaya sai ya sauka ya yi ta miƙe ƙafafu yana taɓa yatsunsa, matan da ke tallan doya suna kallo.

Dillalin ya tarye mu da takalmi mai sheƙi da Hausa 'yar kaɗan. Gidan yana da kyau, ban musa ba. Iska tana shiga ta ko'ina. Yaron ya leƙa ɗakuna sau ɗaya, ya danna agogonsa, ya ce bari ya gwada nisan teku. Ya fita a guje. Ni na tsaya da bango.

An yi wa bangon fenti sabo, amma daga ƙasa zuwa ƙugu kawai. Daga nan zuwa sama tsohon fenti ne. Na fita na dubi bangon maƙwabta, wanda ba a shafa ba. Layi ne baƙi, miƙaƙƙe, daidai cinyata, daga wannan gida zuwa wancan har ƙarshen lungu. Kowace ƙofa an gina mata dokin ƙofa mai tsawon gwiwa. Wata mata mai suyar kifi ta bar ƙofarta a buɗe, na ga gadonta a kan bulo uku-uku. Bayan gidanta akwai kwalekwale a kife, teku kuwa ba a ganinta daga nan. Na nuna mata sama, na nuna ƙasa. Ta gane. Ta ajiye matsami ta dafa cinyarta.

Na nuna wa dillali layin. Ya ce, "Alhaji, ruwa wucewa kawai yake yi."

Na ce, "Ni ba alhaji ba ne. Wata nawa yake yi yana wucewa?"

Sai wayarsa ta yi ƙara, ko ya ce ta yi.

Yaron ya dawo jiƙe da gumi, yana murna. Ya ce, "Baba, minti biyar cif daga ƙofa zuwa teku."

Na ce, "Ita ma minti biyar ne daga can zuwa ƙofarka."

Na kai shi ya ga layin, da gadon, da kwalekwalen. Ya ce mai gidan ya yi alkawarin zuba ƙasa. Ya ce akwai gidan sauro. Ya ce ni na saba ganin baƙin komai.

Washegari na ja shi unguwar tudu, can arewacin gari, inda mutanenmu suke. Jar ƙasa ce, ruwa ba ya tsayawa. Akwai masallaci, akwai lakwal, akwai gidan likita, akwai mai tuwo 'yar Tajaye da na sani tun tana yarinya. Unguwar ba ta da kyau, wannan gaskiya ne. Hayaƙin baburan kabu-kabu, ƙarar masu walda, gidaje a manne. Ya tsaya yana dubawa kamar an kawo shi gidan kaso.

Ya ce, "A nan ina zan yi gudu?"

Na ce, "Ga hanya."

"Yara fa? Ina za su yi iyo?"

"A can ba sai sun fita ba. A ɗaki za su yi."

Bai yi dariya ba. Ya ce, da ladabi, "Baba, ai babana ya riga ya sa albarka a wancan." Ya san inda ya tsaya. Ba zan iya ɗaga maganar wana ba, shi ma ba zai iya ba, ko da ya so. Na roƙe shi abu ɗaya: kada ya sa hannu sai na koma gida na kira shi. Ya ba ni kwana goma.

Na yi tunani a kan wana. In na ce masa ruwa ya yi yawa, murna zai yi. In na ce yara za su yi ciwo, zai ce Allah ne mai tsarewa. Abu ɗaya na san ba ya wasa da shi. Duk rijiyar da aka haƙa a ƙauyenmu, shi ake kira ya ɗanɗana kafin a dasa komai.

Na koma gidan bakin tekun ni kaɗai. Na duƙa na kamfaci ruwan rijiyar da hannu, kamar yadda dillali ya ce. Na kai baki. Gishiri ne, da wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na sayi tsohon bidon mai, wato jarka, a wurin mai kifin, na wanke shi da toka sau uku don kada wana ya ce man ne, na cika shi.

A kamyon albasa da ya sauke kaya na koma, bidon a kan cinyata. A wani shinge jandarma ya buɗe ya shinshina, ya tambaye ni mene ne. Na ce ruwa. Ya ce na magani? Na ce ƙwarai.

Na sami wana a lambu. Na ajiye bidon da moɗa a gabansa. Na ce, "Ga rijiyarka."

Ya zuba, ya ɗaga moɗar ya duba a rana. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar. Ya sake kurɓa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya ce, "Baki na yin ƙarya. Sai ƙasa ta hwaɗi."

Akwai wata ƙaramar fangali ta albasar baya-baya da bai cire ba tukuna. Ya ware guda uku a gefe, ya kewaye su da ƙasa, ya hana a ba su ruwanmu. Kowace safiya ya zuba musu na bidon da hannunsa. Ina zaune ina ƙirga kwanakin da yaron ya ba ni. Tafiya ta ci huɗu. A kwana na takwas bakin ganyen ya fara ƙonewa. A na tara ƙasar ta yi fari-fari a sama. Wana ya lakato da yatsa ya lasa. Ya miƙe ya ce a kira masa ɗansa.

Na riƙe masa wayar, don shi ba ya iya riƙe ta daidai.

Ya ce, "Wancan wuri ba ka zamna shi."

Muryar yaron ta fito daga nesa. "Baba, me ya faru?"

"Ruwan ya kashe mini albasa."

"Baba, ai ba albasa za ni shukawa ba. Ruwan pampo za mu sha."

"Ban tambaye ka mi za ka sha ba. Jikokina ba su zama inda albasa ba ta zama. Ka tahi inda ƙanena ya nuna maka."

Ya juya ya koma wajen albasarsa uku, yana tsaki, yana cewa an yi asarar iri mai kyau. Bai tambaye ni ko na gaji ba. Na ba su labarin yaron da muka binne, ba wanda ya motsa. Ganye uku suka yi ja, magana ta ƙare a minti ɗaya. Ban ce masa haka ba. Abin da na je nema na samu.

Suna kan tudu yanzu. Yana gudu a bakin kwalta, tsakanin kabu-kabu, ita kuma ta daina, ta ce hayaƙi. Ranar Lahadi suna ɗaukar taksi su kai yara teku, su dawo da rairayi a cikin takalma. Ɗiyata ba ta taɓa yi mini maganar ba, sai dai takan aiko mini da man ja da busasshen kifi ta hannun direbobi.

Shi kuwa gaisuwarsa ta gajarce. Damina ta farko ya kira ni musamman. Ya ce ya bi ta unguwar can, ruwa bai shiga gidan ba, ko dokin ƙofa bai kai ba. Na ce to, madalla. Damina ta biyu ya kira, ya tambayi gero, ya tambayi ƙafar babansa da ke ciwo, ya ce yara duk lafiya. Na jira ya kawo zancen gidan. Ya ce ana kiransa a buro.