Shagon Tela a Kan Ciko

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara talatin ya yi a wurin fasa dutse. Shekarun farko a kan injin huda dutse suka cinye masa kunne. Daga baya sai aka canza masa aiki: duk lokacin da za a tayar da nakiya, a tura shi cikin unguwa da kwanon ruwa. Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya cire takalmi, ya tsaya. Da rawar ruwan da abin da tafin ƙafarsa ya ji yake komawa ya ce a rage nakiya ko a bar ta haka. Ya bar aiki ba mata ba ɗa, sai ɗaki guda da kujera biyu.

Mutane ba su da haƙurin maimaita magana, har da ni, ba zan yi ƙarya ba. Wani tsohon tela a ƙarshen layi shi kaɗai ke iyawa da shi. Kullum da hantsi Kawu yana bencin shagonsa, tela na kwarara masa ihu a kunne.

"Kurman banza, ka ji, ko in hau rufi in faɗa?"

"Na ji, makaho. Sa wa allurarka zare."

Bara aka ƙara ƙarfin nakiyar. Ranar da aka fara tayar da ita Kawu yana shagon. Ƙarar ta wuce, amma ƙasa ba ta daina motsi a ƙarƙashinsa ba. Ya tuɓe takalmi, ya jira ta biyu, fuskarsa ta canza.

"Ka tashi daga nan," in ji shi. "Wurin nan tsohon rami ne aka cike da shara da ɓaraguzai."

"Gidajen da ke jikin dutsen ko tsagewa ba su yi ba, sai ni da nake nesa?"

"Su a kan dutse zalla suke, girgiza wucewa take yi. Idan ta shigo ciko sai ta zauna tana kaɗawa, kamar ruwa a bokiti. Bari damina ta jiƙa shi ka gani."

Layin kaf aka yi masa dariya. Wata guda yana naci, tela na cewa ya ƙyale shi. Sai ya zo wurina, ya ce in kira masa ɗan telan da ke aiki a wani gari mai nisa, wanda ya daɗe yana roƙon uban ya koma wurinsa.

"Kawu, ka san idan ya zo da shi zai tafi?"

"Na sani. Kira."

Ɗan ya zo da mota, ya kwashe keken ɗinki da uban. Tela ya tafi cikin fushi, ko sallama bai yi wa Kawu ba. Abin ya yi mini ciwo, wallahi.

Mako bakwai bayan haka, ana tsakiyar damina, aka tayar da nakiya da hantsi, bangon baya na shagon ya rufto daidai inda keken yake zama. Masu dariyar nan suka yi ta zuwa suna ba Kawu hannu, suna yabo da muryar da ba ya ji. Da suka watse ya daɗe yana kallon ɓaraguzan.

"Da na yi shiru, da yau ina wurin jana'izarsa," ya ce mini. "Yanzu ko ya mutu, ba lallai a gaya mini ba."