Ranar Ruwan Sa'idu

Duk mai noman rani daga bayan garin Haɗejiya har zuwa wajen Baturiya, in dai da famfon sola yake ban-ruwa, ya san shagon Sa'idu. Ɗan ƙaramin shago ne a hanyar kasuwar kifi, kantocinsa can sama dab da rufi, sai an taka benci ake ɗauko kaya. Baƙo yakan ɗauka rashin tsari ne. Ɗan gari kuwa ya san dalili, domin shatin da ambaliya ta bari a bango yana nan har yau, daidai ƙirjin mutum.

Sa'idu shi ne autan Ba Fannami. Kakansu daga bakin Tafkin Cadi ya taso, kuma cikin ɗan abin da ya iso da shi Haɗejiya har da ƙullin irin barkono, wani siriri ja wur mai ƙamshi, wanda matan unguwa kan gane tun daga bakin tukunya. Irin barkono ba ya son dogon zama a ajiye. In aka bar shi ya daɗe, sai a shuka a yi ta jira ba abin da zai fito. Saboda haka duk shekara sai an shuka shi, an zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau, an shanya, an ware na baɗi. Kakan ya yi, Ba Fannami ya yi, da ya rasu aka raba gonar fadama tsakanin Sa'idu da yayarsa Falmata, irin kuma ya faɗo hannun Sa'idu. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so.

Shi dai tun yana kwalejin fasaha hankalinsa yana kan kwamfuta. Ya ɗan koyar a wata makaranta, ya ga ba zai iya da surutu ba, ya buɗe shago. Mutum ne marar magana, mai taurin kai irin na masu shiru, wanda ba a ganewa sai an makara.

Famfunan da suka cika fadamar a shekarun nan kowanne yana da ɗan akwati mai sarrafa shi, a cikin akwatin kuma akwai wata ƙwaƙwalwa da ba ta kai farcen babban yatsa ba. Kamfanin da ya ƙera su ya sayar, ya kwashe kuɗinsa, ya rufe, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ya bar manoma da aibi guda: in ruwan rijiya ya ja baya, famfon ba ya tsayawa, sai ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Sa'idu ya gaji da naɗa wayar famfunan da suka ƙone. Ya san maganin bai wuce a sake wa ƙwaƙwalwar umarni ba, a ce mata in ba ruwa ki tsaya. Matsalar ita ce ba ta jin yaren da mutane ke rubuta manhaja da shi. Sai an samu tafinta.

Tafintan nan manhaja ce, masu sana'ar suna ce mata kompaila. Kai ka rubuta abin da kake so, ita ta mayar da shi yaren na'ura. Akwai wata babba da ba ta da mai ita, rubutunta a buɗe yake ga kowa, mutane daga ƙasashe daban-daban ne ke kula da ita, yawancinsu ba a biyan su. Ta san yaren na'urori masu yawa, amma ba ta san na akwatin fadamar Haɗejiya ba. Wani zai ce to shi ke nan. Sa'idu cewa ya yi bari ya koya mata.

Aikin ya ci shekaru, kuma da damina kawai yake yin sa. Da zarar ruwa ya sauka kogi ya fara cika, manoma kan kwance akwatunansu su kawo masa ajiya, a jera a kantocin sama. A watannin nan yana da akwatunan gwaji fiye da buƙatarsa, ciniki kuma ya yi sanyi. Sai ya zauna yana bayyana wa tafintan yadda ƙwaƙwalwar take: ma'ajiyarta nawa, yadda take tara lamba, yadda take tsalle daga wannan umarni zuwa wancan, da abin da ba ta iyawa sam, kamar rabawa, wanda sai an yi mata dabara. In ya aika aikin ga masu kula da manhajar, su dawo masa da shi da gyare-gyare. Wadda ta fi tsananta masa wata injiniya ce mai suna Adila, da ke zaune a wata ƙasar Turai. Bai taɓa ganin fuskarta ba, amma ya san halinta sarai: ba ta yabo, ba ta zagi, ba ta kuma barin ko ɗigo ya wuce.

Daga ƙarshe aka karɓa. Aka sa sunan ƙwaƙwalwar cikin waɗanda tafintan ya sani, aka sa sunan Sa'idu a matsayin mai kula da wannan ɓangaren. Ya rubuta sabon umarni, ya ɗora wa akwatunan da ke ajiye a shagonsa, ƙonewar famfo ta ragu ƙwarai a fadamar. Manoma ba su san da wani tafinta ba. Abin da suka sani shi ne Injiniya ya yi wa akwatin wani abu, kuma hannunsa yana da kyau.

Sai aka yi babbar ambaliyar nan. Kayan mutane da ke sama suka tsira. Nasa akwatin na gwaji, guda ɗaya tak da ya mallaka, yana kan tebur, haka ma kwalbar da yake ajiye ragowar irin barkono. Ruwa ya tafi da su. Abin da ya rage na irin shi ne ɗan ƙullin da ke gida, shi ya yafa a shekarar, ya dasa duka. Akwati kuwa ya nema har Kano bai samu ba.

Rani ya yi nisa, barkono ya fara fure, zafi ya fara shigowa, sai saƙon Adila ya iso. Za a fitar da sabon zubin tafintan nan da 'yan makonni. An yi masa manyan canje-canje, saboda haka duk na'urar da mai kula da ita bai kawo sakamakon gwaji a kan na'urar ta gaske ba, za a cire ta. Ba mugunta ba ce, haka tsarinsu yake: abin da ba a gwadawa ruɓewa yake, ya dami sauran. Sa'idu ya rubuta mata cewa a nan sai da damina ake samun akwati, ko za a jira shi. Ta amsa da cewa ta fahimta, amma ranar fitarwa ba a hannunta take ba.

A watan nan babu akwati ko ɗaya a shago. Duk suna gona suna aiki, kuma a fadama ba a aron akwatin mutum da rani. Ko tambaya ma abin kunya ne. Wanda kawai yake da haƙƙi a kansa shi ne na rijiyarsu, wadda suke tarayya su uku: shi, da Yaya Falmata, da maƙwabcinsu Malam Inuwa. Kowa da ranarsa, ana zagayawa. Gwajin kuwa dubban ƙananan umarni ne da ake ɗora wa ƙwaƙwalwar ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ga nawa, sai ta ci yini da kwana kafin ta gama. Ya auna ya ga in ya kwance akwatin da yamma bayan Malam Inuwa ya gama, ya mayar kafin safiyar Falmata, ba wanda zai cutu sai shi. Barkono zai jure rashin ruwa na zagaye guda. Haka ya gaya wa kansa, kuma gaskiya ne.

Sai dai zagaye guda bai isa ba. Gwajin farko ya nuna dabarar rabawar nan ta lalace da sababbin canje-canjen. Ya gyara, ya jira ranarsa ta zagayo, ya sake kwance akwatin. Wannan karon wani abu ne daban ya ɓalle. Ya nemi hayar injin fetur, amma kogi ya yi nisa da gonar, rijiyar kuma siririya ce, famfonsu kaɗai take ɗauka. Ruwanta ma ya ja baya, kowa da ƙyar ranarsa ke isarsa, don haka bai roƙi kowa ba.

Malam Inuwa ne ya fara magana, yana tsaye a kan kunya yana kallon ganyen da ya fara lanƙwashewa.

"Injiniya, wai famfon namu makaranta ka sa shi ne? Kullum ranarka yana gari."

"Ya kusa gamawa, Malam."

"Allah ya sa ya ci jarrabawa. Barkonon nan dai ba zai jira sakamako ba."

Falmata ba ta iya zolaya ba. Ita ce babba, ita ta goye shi, tun da mijinta ya rasu take riƙe da kanta da cinikin busasshen kifi da gonarta. Ta same shi a shago ranar da ya kamata a ce yana gona. Akwatin yana kan tebur, wayoyi sun fito daga cikinsa zuwa kwamfuta, rubutu yana ta gudu.

"Auta, furen yana zuba," in ji ta. Ba ta zauna ba.

"Na gani, Yaya."

"In mutanen nan suka cire abin naka, famfunan za su tsaya ne?"

"A'a. Za su ci gaba da aiki."

"To?"

Da zai iya ƙarya da ya yi, don ya san amsar gaskiya ba ta da nauyi a kunne.

"Yau ba abin da zai faru," ya ce. "Ina da tsohon zubin a nan. Amma shekara kaɗan zai daina tashi a kan sababbin kwamfutoci. In ba na nan, duk wanda zai gyara akwatunan nan sai ya faro daga tushe, kuma ba na jin wani zai faro. In yana cikin na kowa, ana tafiya da shi."

Falmata ta dube shi, ta dubi akwatin. Ta fi kowa gane abin da yake nufi, don haka irin barkononsu ma yake, shi ya sa ranta ya ƙara ɓaci.

"Wato ka san abin da ke faruwa da abin da aka bari shekara guda," ta ce. Ta gyara mayafinta ta fita.

Ya so ya bi ta. Ya ji kunya ƙwarai, ya kuma ji tsoron ranar da zai tsaya a gonar babu komai. Amma rubutu yana gudu, in ya cire waya yanzu an koma farko. Ya zauna.

Ranarsa ta sake zagayowa, ya sake kwancewa. Daga nan bai ƙara shiga gefen gonarsa ba. Yakan ɗaura akwatin a bakin rijiya ya juya babur ɗinsa ba tare da ya waiwaya ba. Gwaji na ƙarshe ya fita lafiya ana saura kwana kaɗan a rufe. Ya aika. Amsar Adila layi ɗaya ce: an karɓa, ta gode, sai baɗi war haka.

Ya je gona washegari da niyyar ba ta ruwa har ta ƙoshi. Ba sauran abin ba wa ruwa. Ƙasar ta tsattsage, itacen barkonon ya bushe a tsaye, in ka taɓa ya karye. Gefen Malam Inuwa kore shar, albasar Falmata ma haka. Ya bi layi-layi yana duba ko akwai ɗa guda da ya nuna kafin ya mutu. A ƙarshen layin da ke iyaka da gonar yayarsa ya ga ramuka a jere, an tone wasu da saiwarsu. Ya ɗaga kai. Can tsakiyar albasar Falmata ga su nan, ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, an yi musu inuwa da karan ciyawar kacalla. Wasu sun mutu, dashen barkono mai fure ba ya cika kamawa. Wasu sun kama, har da 'ya'ya.

Ashe Falmata ce ta tone su ta dasa a wurinta. Da suka nuna ta tsinke, ta shanya a tsakar gidanta a kan faifai, tana korar kaji da kanta. Ranar da ya je gaishe ta ya tarar tana ɓare su tana zuba irin a wata kwalbar magani da ta wanke. Ya durƙusa suka gaisa. Ya yi godiya, ya ce Allah ya saka, sannan ya miƙa hannu.

Falmata ta rufe kwalbar, ta ɗaure ta a gefen zaninta.

"Baɗi ma war haka za su neme ka, ko?"

"Haka suka ce."

"To riƙe naka, Auta. Wannan yana wurina yanzu."

Har yau Sa'idu yana shagonsa. Da damina kantocin sama kan cika da akwatunan mutane, da rani su koma gona. Sunansa yana nan cikin masu kula da tafintan, kuma kowace shekara in zafi ya fara, famfon rijiyarsu yakan yi ranakunsa a gari. Gefen gonarsa rogo yake sawa yanzu, shi ba ya damuwa da ƙishi. Barkono kuwa in aka tsinka, Falmata takan aiko masa da ɗan ƙulli na miya kamar yadda take aika wa maƙwabta, dakakke, ba ƙwayar iri ko ɗaya a ciki.