Rijiyoyin Ukasha da Kwamfutar Shamsiyya

A Riruwai aka haifi Ukasha Mai Rijiya, a gidan masu haƙar kuza. Tun yana saurayi mahaifinsa yake zura shi rami da igiya, don shi ne mafi ƙanƙantar jiki a gidan. Da aikin kuza ya yi sanyi, sai ya ɗauki digarsa da sheburinsa ya dawo Badafi ta ƙasar Kiru, ya koma haƙa wa mutane rijiya. Shekara arba'in ya yi yana wannan aiki. A nan na san shi, don katangarmu ɗaya. Ni kuwa sunana Sunusi, tsohon malamin firamare ne, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa abin da ya same shi bara da hannuna dumu-dumu a ciki.

Ukasha bai yi boko ba, amma yana da kunne. In aka kira shi duba wuri, yakan zagaya da wani dogon ƙarfe yana dukan ƙasa, ya karkata kai yana sauraro, sannan ya nuna inda za a haƙa. Sau da yawa yana dacewa. Da motocin haƙar burtsatse suka yawaita, aiki ya ja baya, gwiwarsa ta hagu ma ta fara yi masa gardama, sai ya koma zaman dakali da kiwon tumaki biyu.

Autarsa Shamsiyya ita ce ta yi karatu mai zurfi. Ilimin duwatsu ta karanta a jami'a, ta samu aiki a wani kamfani a Fatakwal. Wata Juma'a ta bugo masa waya, layin yana yankewa, ya tambaye ta wai shin me ma take yi a can. Bayan sallar La'asar ya same ni a ƙofar gida fuskarsa a sake. Ya ce yarinyar nan ta ce suna koya wa kwamfuta gano iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, kuma da abu biyu suke koya mata: sautin da ƙasa ke mayarwa in an doke ta, da bayanan tsofaffin rijiyoyi. Ta kuma ce babbar matsalarsu ita ce bayanan rijiyoyin ba su isa ba.

Da ina da hankali, da na ce mu sake kiranta. A maimakon haka sai na gyara zaman tabarau na ce ai zancen a fili yake. Dukan ƙasa da sauraro sana'arsa ce, rijiyoyi kuwa wa ya fi shi sani a kudancin Kano? Na ƙara da cewa kunya ce ta hana ta roƙon mahaifinta kai tsaye. Shekara talatin na yi ina koyar da labarin ƙasa, saboda haka bai yi mini musu ba.

Muka yanke shawarar ba za mu gaya mata ba sai ta zo Babbar Sallah. Na sayi littafin rubutu biyu, na wanke tsohon babur ɗina. Wata biyu muka yi muna yawo, ni a gaba, shi a baya ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Muka bi ƙauyukan Kiru da Bebeji, muka leƙa Tudun Wada. Duk rijiyar da muka je, sai ya dafa bakinta ya lumshe ido ya zayyano mini: gaba biyu jar ƙasa, gaba uku marmara, sai yumɓu, sai rairayi mai laima, ruwa a gaba tara. Har shekarar da ya haƙa ta yakan tuna, da irin tuwon da matar gidan ta ba shi. Na rubuta rijiya sittin da huɗu, har da jan layi da jan biro.

Bakina ne ya ƙara ɓata lamarin. Mun tsaya shan shayi a Kwanar Dangora, mai shayi ya tambayi abin da muke rubutawa, na ce binciken gas ne na wani kamfanin kudu. Kafin mako ya zagayo, mutum uku sun zo gidan Ukasha suna roƙon ya je ya doki gonarsu ya saurara. Wani har da zakara ya zo. Ukasha ya mayar masa da zakaransa, amma na lura tun daga ranar ya fara sa babbar riga in za mu fita.

Shamsiyya ta iso ana jibi Sallah. Washegari da hantsi muka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kira ta. Ta durƙusa ta gaishe mu, na miƙa mata littattafan da hannu biyu kamar mai ba da kyauta a ranar rufe makaranta. Ta buɗe, ta daɗe tana karantawa. Na ga tana cije leɓe.

"Baba," ta ce, "rijiyoyin da nake nufi na gas ne. Wasu zurfinsu ya kai kilomita huɗu, wasu ma a cikin teku suke."

Ukasha ya juyo ya tambaye ni kilomita huɗu gaba nawa ke nan. Na ce ya haura dubu biyu. Sai ya ce mafi zurfin tasa gaba goma sha huɗu ce, kuma a lokacin sai da ya yi wasiyya kafin ya sauka. Daga nan dariya ta kama shi har yana dafe gwiwa. Ni ban yi ba. Na tambaya a hankali ko dai akwai ɗan gas ɗin a yankinmu. Ta ce, "Baffa, ƙasarmu tsohon dutse ne mai tauri, ba irin wanda gas ke taruwa a ciki ba. Ai a aji shida kai ka fara gaya mana haka."

Don ta rage mana kunya, ta ɗauko kwamfutarta ta nuna mana wani hoto mai ratsi-ratsi kamar saƙi. Ta ce manyan motoci ne ke girgiza ƙasa, a teku kuma jirgi, na'urori su ɗauki amsa-kuwwar da ke dawowa daga duwatsun ƙasa, ita ce ake zanawa haka. Ita kwamfutar, ana nuna mata wuraren da aka riga aka haƙa, a ce mata nan an samu, nan ba a samu ba, har ta fara gane kamannin wurin da ke da gas. Sai a ba ta sabon wuri ta faɗi inda take zato. Ta ce tana yin kuskure, shi ya sa rijiyar da aka haƙa ba a samu komai ba take da daraja a wurinsu kamar wadda aka samu, don da ita na'urar ke gane inda ba a zuwa.

Ukasha ya daina dariya. Ya sosa ƙeya ya ce to, in haka ne littafin nan bai cika ba. Akwai rijiya tara da ya haƙa ya ci karo da dutse, ko ɗigon ruwa babu, kuma duk lokacin da muka doshi ƙauyukansu sai ya ce mini hanyar ba ta da kyau mu sauya. Ashe shi ya sa muka yi ta zagaye ina zagin tayoyin babur.

Shamsiyya ta ce za ta tafi da littattafan, ba don kamfani ba, don ba ta taɓa sanin yawan gidajen da ke shan ruwan hannun mahaifinta ba. Amma ta ce sai an sa taran nan. Bayan Sallah muka sake hawa babur. Yanzu mun rubuta bakwai, sauran biyun Ukasha yana ta ɗaga ranar zuwa.

Ta bakwai ɗin a wani ƙauye take kusa da Bebeji, gidan wata dattijuwa Adda Barakatu. Shekara ashirin da biyu rabonsa da gidan, amma tana leƙowa ta gane shi. Ta ce ashe yana raye. Ta kai mu bayan gida ta nuna mana ramin, an cike shi da shara da toka, gwanda ta fito a ciki ta yi 'ya'ya jingim. Ta tsinko mana biyu, ta ce wannan ne kaɗai abin da rijiyarsa ta taɓa bayarwa. Ukasha ya karɓa ya yi godiya, ya ce in rubuta: gaba shida, dutse, gwanda mai zaƙi. A kan hanyar komawa ɗaya ta suɓuce masa ta fashe a kwalta, muka tsaya gindin wata ɗorawa muka shanye ɗayar.