Kwarmin da Ndaliman Yake Tsallakewa

Ndaliman taubashina ne, ɗan ƙanwar babana da aka kai aure Bida. Duk Minna ba a yi mai shiru irinsa ba. Ka gaishe shi da hantsi, amsa sai la'asar. Leburan duba-gari ne. Ya saɓi galan ɗin baƙin mai, ya bi kududdufai yana tsiyayawa don kashe tsutsar sauro.

Bayan Dutsen Kura akwai wani kwarmi a kan falalen dutse, faɗinsa bai fi tabarma ba. Da rani busasshiyar laka ce kawai. Ruwan fari na sauka sai ya cika da wasu 'yan halittu garai-garai, ba su kai gaɓar yatsa ba, suna iyo a rigingine kamar attajiran da suka ƙoshi. 'Yan unguwa tsutsa suke ce musu, wai tare da ruwan sama suke faɗowa.

Nan kaɗai Ndaliman yake tsallakewa da galan ɗinsa. Wata rana na iske shi a durƙushe a bakin ruwan.

Na ce, "Bawana, surukai aka zo gaisarwa?"

Ya ce, "Duƙo ka gani. Mai ƙahonnin nan namiji ne, da su yake riƙe macen. Ita kuma dubi 'yar jakar da take ja a gindin wutsiya. Ƙwai ne. Ta zubar a laka, ruwa ya ƙafe, su mutu, ƙwan ya jira damina."

Ko ranar aurensa bai yi magana mai tsawon haka ba.

A 1984, da soja suka matsa kan tsabtar gari, aka kawo musu sabon shugaba, Mista Charles. Ya ga ruwa kwance, ya tambayi maƙwabta me ke motsi ciki. Suka ce tsutsa. A aikinsu kuwa tsutsa hukuncinta ɗaya ne.

Ndaliman ya ce, "Ranka ya daɗe, ba tsutsa ba ce."

"To menene sunan shi?"

Ya lalubi Hausa, ya lalubi Nufanci, bai samo musu suna ba. Mista Charles ya ce ko ya zuba, ko ya ajiye galan ya tafi gida. Gida kuwa ga matarsa Murja da yara. Da hannunsa ya zuba.

Da rani ya koma kwarmin da cokali, ya ɗaye baƙin ɓawon da man ya bari, ya kankare lakar da ke ƙasa, ya adana a gwangwanin madara. Na tsokane shi, na ce ko gadon da zai bar wa 'ya'yansa ke nan.

Ruwan fari ya sauka, ya tara a kwanon wanki, ya juye lakar. Bayan 'yan kwanaki 'yan kaɗan suka fito. Ya bar su suka girma, sannan ya aiko Murja ta kira ni.

Ya ce, "Duba mini mai jaka. Ko idona ne."

Ni da nake mai da ƙadangare kada in ina ba da labari, na durƙusa har gwiwata ta yi tsami. Duk masu ƙaho ne, suna ta kewaya kwanon.

Na ce, "Babu, Ndaliman."

Ya gyaɗa kai. Ya ja kwanon inuwa, ya riƙa ƙara musu ruwan sama har na ƙarshensu ya daina motsi.